Kalmomin Dangantaka da na Surukuta a Harshen Kantonanci

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da fassara ya san kalmomin dangantaka na cikin waɗanda suka fi ba ɗalibai wahala, domin kowace al'umma da irin yadda take yanka danginta gunduwa-gunduwa ta ba kowane yanki suna. Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda harshen Kantonanci yake yin wannan yanka, musamman a wajen surukai, ta kuma nuna cewa kalmar da mutum zai kira ɗan'uwansa da ita a wannan harshe tana faɗin matsayinsa a gida, da abin da ake binsa, da abin da yake bi.

Kantonanci ɗaya ne daga cikin harsunan ƙasar Sin. Ana jin sa a lardin Guangdong da gabashin Guangxi, da Hong Kong da Makau, da kuma unguwannin Sinawa na ƙasashen waje. Masu jin sa, idan an haɗa da karorin da suke kusa da shi, sun kai kimanin miliyan 80. Sunan ya samo asali ne daga Kanton, watau yadda Turawa suka kira birnin Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya suka sani sarai. Mai jin Mandarin, harshen hukuma na ƙasar Sin, ba zai fahimci mai magana da Kantonanci ba sai ya koya, ko da yake rubutunsu kusan ɗaya ne.

An rubuta misalan da ke cikin takardar da tsarin Jyutping, wanda Ƙungiyar Nazarin Harshe ta Hong Kong ta fito da shi a 1993. A wannan tsari harafin j yana matsayin y ɗinmu ne, z kuwa yana kusa da ts. Lambar da ke ƙarshen kowace gaɓa karin sautinta ce: 1 sama, 2 mai hawa zuwa sama, 3 tsakiya, 4 ƙasa mai faɗuwa, 5 ƙasa mai ɗan hawa, 6 ƙasa miƙaƙƙe.

2.0 Karin sauti

Bai kamata mai karatu ya tsallake waɗannan lambobi ba. Maa4 maa1 uwa ce, maa4 maa4 kuwa kaka ce ta wajen uba. Haka aa3 maa1 da aa3 maa4. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da shi ma karin sauti kaɗai ne ya raba masa baba na uba da baba ta uwa ko gwaggo.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta shafi kalmomin kira na cikin gida. Idan aka ninka gaɓa, ta farko takan sauka ƙasa, ta biyu ta hau: baa4 baa1 uba, go4 go1 wa, ze4 ze1 ya, dai4 dai2 ƙane, mui4 mui2 ƙanwa. Wanda bai ninka ba sai ya sa ɗafa-goshi aa3, wanda ke nuna sabo da kusanci, ya ce aa3 go1 ko aa3 je4.

3.0 Ma'aunan da ake raba dangi da su

Tun a 1871 Lewis Henry Morgan ya fara kwatanta tsarin dangantakar al'ummomin duniya, a 1909 kuma Alfred Kroeber ya tsara ma'aunai takwas da harsuna suke bi wajen raba dangi. Da George Murdock ya kasa tsare-tsaren gida shida a 1949, ya ba wanda ya fi kowanne rarrabewa suna “irin na Sudan”, kuma a nan ne aka saba ajiye na Sinawa. Kantonanci yana tambayar abu biyar game da kowane ɗan'uwa kafin ya ba shi suna: ta wajen uba yake ko ta wajen uwa, a wane hawa yake, namiji ne ko mace, babba ne ko ƙarami, jini ne ya kawo shi ko aure.

Mu fara da kakanni. Hausa tana da kalma guda, kaka, ga mutum huɗu. Kantonanci yana da huɗu: je4 je2 da maa4 maa4 su ne iyayen uba, gung4 gung1 da po4 po2 su ne iyayen uwa. Waɗannan na biyu ana kuma ce musu ngoi6 gung1 da ngoi6 po4. Ma'anar ngoi6 ita ce “waje”. A riƙe wannan kalma, domin za mu yi ta karo da ita. Jikan da ɗa ya haifa syun1 ne, wanda 'ya ta haifa ngoi6 syun1, watau jikan waje.

A hawan iyaye ne rarrabewar ta fi yawa. Mu muna da baffa da gwaggo da kawu da inna, ko da yake a wasu garuruwa kawu ya haɗiye baffa. Kantonanci ya ƙara da batun girma. Wan uba baak3 ne, ana kiransa aa3 baak3 ko baak3 fu6, ƙanen uba kuwa suk1. Yayar uba gu1 maa1, ƙanwar uba gu1 ze1. Yayar uwa ji4 maa1, ƙanwar uwa aa3 ji1. Ɗan'uwan uwa namiji shi ne kau5 fu2, ko wanta ne ko ƙanenta. Abin lura a nan shi ne, 'yan'uwan uba maza kaɗai ne aka ba tushen kalma daban-daban saboda girma, baak3 da suk1, alhali sauran duk tushe ɗaya ake yi wa ƙari. Dalili kuwa a fili yake: su ne suke zama gida ɗaya, su ne suke raba gado, don haka sanin babba da ƙarami a tsakaninsu bai karɓi kuskure ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da sunan abokin aurensa. Matar baak3 ita ce baak3 noeng4, matar suk1 aa3 sam2, matar kau5 fu2 kuwa kau5 mou5 ko kam5 mou5. Mijin 'yar'uwar uba gu1 zoeng2, mijin 'yar'uwar uwa ji4 zoeng2. Idan 'yan'uwan suna da yawa sai a sa musu lamba bisa ga haihuwa. Na fari ba a ce masa na ɗaya, daai6 ake cewa, watau babba, sannan ji6 na biyu, saam1 na uku, har a zo kan auta a ce sai3, ƙarami. Yaron da ya ce saam1 suk1 ya gaya maka cewa mutumin nan ɗan'uwan ubansa ne, namiji, na uku a jeri, kuma ubansa ya girme shi. Gaɓa biyu suka ɗauki wannan duka.

4.0 'Yan zaure da 'yan waje

'Ya'yan 'yan'uwan iyaye sun kasu gida biyu. 'Ya'yan baak3 da suk1 ana sa musu tong4 a gaba. Duk sauran, watau 'ya'yan gwaggo da na kawu da na inna, ana sa musu biu2. Bayan wannan sai a kawo kalmar wa ko ya ko ƙane ko ƙanwa, a sami kalmomi takwas, alal misali tong4 go1 da biu2 mui2.

Tong4 shi ne babban zaure, kamar zauren kakanni inda ake ajiye allunan sunayen magabata. Biu2 kuwa bayan abu ne, ɓangarensa na waje. 'Yan tong4 sunan zuriyarsu ɗaya, zaurensu ɗaya. A ƙauyukan Guangdong da na karkarar Hong Kong, inda ake samun ƙauye sukutum mai sunan zuriya guda, akwai al'adar raba naman alade a zauren kakanni bayan an yi bikin tunawa da su, kuma maza 'yan zuriya kaɗai ake ƙidayawa a rabon. Har karin magana suke da shi a kan wannan rabo na taai3 gung1, kakan kakanni, suna nufin abin da kowa ya sami kasonsa.

Kada a ɗauka wannan rarrabewa ado ce ta baki. A tsohon tsarin zaman makoki na Sinawa mai hawa biyar, wanda ya shiga cikin littattafan shari'a har zuwa daular Qing da ta faɗi a 1912, mutum yana makokin wan ubansa ko ƙanen ubansa shekara 1, na ɗan tong4 wata 9, na ɗan biu2 wata 3 kacal. Alƙali ma yakan duba wannan jeri kafin ya yanke hukuncin wanda ya yi wa ɗan'uwansa laifi, domin laifin ƙarami ga babba na kusa ya fi nauyi. A karkarar Hong Kong sai a 1994 ne doka ta ba mata damar gadon filayen ƙauye daidai da maza.

A wajen aure ma haka. Auren 'yar tong4 haramun ne a al'adance, daidai yake da auren ƙanwa, domin masu sunan zuriya ɗaya ba sa auren juna. Auren 'yar biu2 kuwa an daɗe ana yin sa, har dokar aure ta 1980 ta hana shi a Jamhuriyar Sin. A nan muka saɓa da su ƙwarai, domin a auren zumuncinmu 'yar baffa na cikin waɗanda aka fi so a haɗa mutum da su. Mai fassara labarin Hausa zuwa Kantonanci da ya rubuta cewa wane ya auri tong4 mui2 ɗinsa ya faɗi gaskiya, amma mai karatunsa abin kunya zai gani a inda marubucin ya nufi zumunci.

5.0 Surukai

Kalmar suruki a Hausa tana da faɗi. Uban miji suruki ne, uban mata suruki ne, mijin 'ya ma suruki ne, kunyar da ke tsakani ita ce ta haɗa su a kalma guda. Kantonanci bai yarda da wannan ba. Sai an san wa ke magana, miji ko mata.

Mace tana kiran uban mijinta lou5 je4, uwar mijinta naai4 naai2. Waɗannan kalmomi su ne waɗanda barori suke kiran maigida da uwargida da su a manyan gidaje na da. Namiji kuwa uban matarsa ngoi6 fu2 ne, uwar matarsa ngoi6 mou2, watau uban waje da uwar waje, in kuma ana son girmamawa irin ta rubutu a ce ngok6 fu6 da ngok6 mou5. Ga dai ngoi6 ta sake dawowa. Ita ta shigo gida ta tarar da iyayen gida, shi kuwa ya sami iyaye a waje. A ganina babu wasu kalmomi huɗu da suka fi waɗannan bayyana yadda tsohon gidan Sinawa yake.

Matar ɗa ita ce san1 pou5. Masana sun nuna cewa asalinta san1 fu5 ne, “sabuwar mata”, kuma p ɗin da ke cikinta tsohon furuci ne da ya saura tun kafin sautin ya koma f. Ko ta shekara 40 a gidan sunanta ke nan. Mijin 'ya neoi5 sai3. Matar wa aa3 sou2, matar ƙane dai6 fu5, mijin ya ze2 fu1, mijin ƙanwa mui6 fu1. Iyayen ango da iyayen amarya suna kiran juna can3 gaa1. Gaɓar farko ita ce can1, “dangi”, amma aka sauya mata kari don ta nuna dangin aure. Maza biyu da suka auri ya da ƙanwa kam1 hing1 dai6 ne, 'yan'uwan gaban riga, kamar ɓangarori biyu na riga ɗaya. Matan wa da ƙane, waɗanda muke kira facaloli, a rubuce ana ce musu zuk6 lei5.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi jan hankalina. Wan miji daai6 baak3 ne, ƙanen miji suk1 zai2, yayar miji gu1 naai1, ƙanwar miji gu1 zai2. Ta ɗaya ɓangaren, wan mata daai6 kau5, ƙanen mata kau5 zai2, yayar mata daai6 ji4, ƙanwar mata ji1 zai2. Mai karatu zai ga babu sabon tushe ko ɗaya a nan. Baak3, suk1, gu1, kau5, ji4, duk mun gamu da su a hawan iyaye. Watau mace tana kiran wan mijinta da kalmar da ɗanta zai kira shi da ita, namiji ma yana kiran ƙanen matarsa “ƙaramin kawu”. Kowannensu ya sauko hawa ɗaya, ya tsaya inda ɗansa zai tsaya, ko da ba a haifi ɗan ba tukuna. Zan kira wannan ɗabi'a kira da bakin ɗa.

Masani Feng Han-yi ya yi bayanin wannan a wata makala ta 1936, da kuma babban nazarinsa na tsarin dangantakar Sinawa na 1937. Hujjarsa daga tsohon ƙamus ɗin Erya take, wanda aka tattara kusan ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma yana da babi guda a kan dangi. A cikin wannan ƙamus, harafin da Kantonawa suke karantawa kau5 yana nufin ɗan'uwan uwa, yana kuma nufin uban miji. Harafin gu1 yana nufin 'yar'uwar uba, yana kuma nufin uwar miji. Masana da dama sun ɗauki wannan alamar cewa a wancan zamani ana auren 'ya'yan kawu da na gwaggo sosai, har kawu da suruki suka zama mutum ɗaya. Daga baya ma'anar suruki babba ta gushe daga bakin jama'a, ma'anar ɗan'uwan mata ta shigo ta hanyar kira da bakin ɗa. Kalma ɗaya ke nan ta zauna a hawa biyu.

Mu ma mun san irin wannan. Matar da ke cewa “baban Audu” don kada ta ambaci sunan mijinta, ko uwar da ke kiran ƙanenta kawu don yara su koya, da bakin ɗa suke magana. Bambancin shi ne, a wurinmu abin ya tsaya a matsayin ladabi da alkunya, a wurinsu kuwa ya daskare ya zama ƙamus, har ba su da wata kalmar da za su koma gare ta.

Akwai lokacin da ake ɗora wa amarya waɗannan kalmomi a bainar jama'a. Ranar biki ita da ango suna durƙusawa su miƙa wa manya shayi ɗaya bayan ɗaya, a bisa jerin girma, suna kiran kowa da sabon sunansa. Wanda ya karɓa ya sha ya amince da ita ke nan, sai ya ba da lai6 si6, kuɗi a cikin jar ambulan, ko awarwaron zinariya. Shi ya sa in tsohuwa ta ƙosa ɗanta ya yi aure takan ce tana jiran ta sha shayin san1 pou5. Amaryar da ta kira aa3 baak3 da suk1 a wannan rana ta rage masa girma a gaban ƙannensa, kuma ba a cika mantawa ba.

Batun kishiya ma ya bar sawunsa. A Hong Kong an halatta wa Basine ajiye ƙwarƙwara bisa tsohuwar al'ada har zuwa ranar 7 ga Oktoba 1971, lokacin da dokar gyaran aure ta fara aiki. A irin waɗannan gidaje yara sukan ce daai6 maa1, babbar uwa, da sai3 maa1, ƙaramar uwa. Kalmar ji6 naai1, mata ta biyu, ta rayu bayan dokar, amma ma'anarta ta koma farkar da aka kama wa gida a ɓoye. Wanda ya fassara “amarya” ko “kishiya” da ita ya zagi matar sunna.

6.0 Tarko tsakanin Kantonanci da Mandarin

Tun da yawancin ɗalibanmu da suke koyon Sinanci Mandarin suke koyo, ya kyautu a yi musu gargaɗi. Haruffan da Bakantone yake karantawa gung4 gung1 da po4 po2, iyayen uwarsa, a daidaitaccen Mandarin uban miji da uwar miji suke nufi. Haruffan naai4 naai2, uwar miji, a Mandarin kaka ce ta wajen uba. Kalmar da ta yi daidai da lou5 je4 kuwa a bakin mutanen arewacin Sin kaka ne na wajen uwa. Rubutu ɗaya, mutane daban. Ina zaton kira da bakin ɗa yana da hannu a wannan ruɗani, domin duk inda aka duba, suruki da kaka ne suke musayar suna, kuma uwar miji ai kakar 'ya'ya ce.

7.0 Halin da kalmomin suke ciki

Ana kiran baƙo ma da kalmar dangi, kamar yadda muke ce wa dattijo baba. Tsoho aa3 baak3, magidanci aa3 suk1, tsohuwa aa3 po4. Sai dai macen birni da ba ta ɗauki kanta tsohuwa ba takan ji haushi in an ce mata aa3 sam2, don haka masu sayar da kaya sukan gwammace su ce ze4 ze1. A Hong Kong kalmomin Ingilishi na anti da ankul sun shiga baki, ana kiran iyayen aboki da su, kamar dai yadda anti ta shige mana gidaje tana neman ture gwaggo da inna.

Amma abin da ya fi aron kalma yi wa tsarin illa shi ne ƙarancin haihuwa. Jamhuriyar Sin ta bi manufar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa ƙarshen 2015, sannan ta ba da izinin biyu a 2016, uku a 2021. Manufar ba ta shafi Hong Kong ba, amma can ma tun shekarun 1970 ƙungiyar tsara iyali take yaɗa kiran cewa biyu sun isa, kuma a 2022 matsakaicin haihuwa bai kai ɗa ɗaya ga kowace mace ba. A yi lissafi: yaron da ubansa tilo ne, uwarsa ma tilo, ba shi da baak3 ko suk1, ba shi da gu1 maa1 ko kau5 fu2 ko aa3 ji1, ba shi da ɗan tong4 ko ɗan biu2. In shi ma tilo ne, matar da zai aura ba za ta taɓa buɗe baki ta ce daai6 baak3 ko gu1 zai2 ba. Kalmomin suna nan a ƙamus, amma babu wanda zai kira da su. Waɗanda kuma suke da 'yan tong4 da 'yan biu2 amma ba su da wa ko ƙane na ciki ɗaya, da yawansu sun yar da ɗafa-goshin, suna ce musu go4 go1 da mui4 mui2 kai tsaye.

Kakanni huɗu dai suna nan, kuma yaro yana koyon raba maa4 maa4 da po4 po2 tun yana koyon magana, haka lou5 je4 da naai4 naai2 da ngoi6 fu2 da ngoi6 mou2 ba su motsa ba. Rassan gefe ne suke bushewa. Lokacin bikin sabuwar shekara, sa'ad da ake zagaya gidajen dangi gaisuwa, kuma dole a kira kowane babba da sunansa kafin a karɓi lai6 si6, matasa sukan tsaya a bakin ƙofa su tambayi iyayensu a asirce me za su ce. Har an ƙirƙiro manhajojin wayar hannu saboda wannan: mutum ya danna uwa, ya danna wa, ya danna mata, wayar ta fito masa da kau5 mou5.